Kaset ɗin da Ya Maƙale a Motar Maigidana

Maigidana ya rasu bai bar mini muryarsa ba. Ya bar hotuna, ya bar riguna da ƙanshin turarensa a jiki, ya bar tabarau biyu saboda kullum ɗaya a ɓace yake, amma murya babu. Mutum ne da ya tsani saƙon murya. In ƙannensa suka turo masa daga Zariya sai ya saurara yana tsaki, ya kira su ya faɗi abin da zai faɗa, ya ajiye waya. In ana biki kuwa shi ne mai riƙe da kyamara, kuma ba ya magana in yana ɗauka.

Bayan na fita takaba na lura da wani abu da ya tsorata ni. In na rufe ido ina ganin fuskarsa sarai, amma in na nemi in ji yadda yake kirana daga falo, sai in ji shiru. Na bincike wayata, na bincike tasa, na sa 'yarmu ta bincike tata. Abin da muka samu kawai bidiyon ranar da ta gama jami'a, ana ganin ƙeyarsa yana tafi. Ranar na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza.

Wata tsohuwar mota gare shi, ruwan toka, wadda duk unguwarmu ta Abbey Wood, a nan ƙasar Turawa, babu sa'arta a tsufa. Na yi faɗa, na yi lallashi, ya ƙi rabuwa da ita, kuma dalilinsa ɗaya ne: rediyonta na kaset ne. Kaset ɗin ma ɗaya tak, ya shiga ya ƙi fitowa shekara da shekaru. Waƙoƙin Turawa ne na da, na samarin nan masu dogon gashi da jita mai kururuwa, waɗanda ya haukace a kansu tun yana ɗalibi. Ni dai sara mini kai suke yi. Nakan ce, “Dattijo da kai, da furfura a gemu, daga masallaci sai wannan hayaniya?” Shi kuma ya ce, “Uwargida, ba ki da kunne ne.”

Mai kunnen shi ne amininsa, wani direban bas, mutumin zangon Kumasi da ke zaune a unguwar Dagenham, can ƙetaren kogi. Duk Lahadin da ba ya aiki mukan je mu ɗauko shi ya ci tuwo a gidanmu. Ta wurin fito na Woolwich muke bi, kuma a layin jiran jirgin ruwan da ke ƙetarar da motoci ne suke buɗe musunsu. Akwai wata waƙa a tsakiyar kaset ɗin. In an zo amshi, can ƙasa da muryar mawaƙin da ta 'yan amshinsa, wata siririyar murya takan shigo a makare, ta bi su kaɗan, ta ɓace. A kan wannan 'yar muryar manyan mutane biyu suka yi shekaru suna ɗaga jijiyar wuya.

Maigidana ya ce, “Mace ce, wallahi. Saurara da kyau.”

Amininsa ya ce, “Alhaji, bar wannan magana. Namiji ne ya matse wuya. Na tsufa ina jin muryar mutane a bas, na san mace na san namiji.”

“A bas ɗin naka wa yake waƙa?”

“'Yan maye, ranar Asabar. Mayar baya mu ji.”

Sai a mayar baya. In sun gaji da mace ko namiji, sai su koma kan abin da muryar take faɗa, nan ma kowa da nasa. Can sai aminin ya waiwayo kujerar baya ya ce, “Hajiya, ka raba mu,” don Hausarsa ba ruwanta da “ki”. Ni kuma in ce, “Ku rabu da ni. Ko aljani ne, ku rage sauti.” Sau ɗaya 'yarmu ta ce bari ta duba musu a waya a huta. Su biyun suka taso mata kamar ta ce za ta ƙona motar. Ubanta ya ce waya ba ta da kunne, kuma daga ranar aka kafa doka: ba a sa waya a wannan shari'a.

Ciwon bai ba mu lokaci ba. Ya kwanta asibiti, mako bai cika ba Allah ya karɓi abinsa. Motar ta zauna a ƙofar gida, ganye ya rufe gilashinta, tantabaru suka yi mata ado. Ba na iya kallonta. In zan fita sai in kau da kai kamar na ga wanda muka yi faɗa da shi. Da na gaji, na ce wa 'yarmu ta nemo masu kwashe tsofaffin motoci, ta kira su, suka ce za su zo ranar Asabar da hantsi.

Amininsa ya shigo jirgin ƙasa ya zo taya mu kwashe tarkacen da ke but ɗin motar. Da muka gama sai ya buɗe ƙofar gaba ya zauna a kujerarsa ta kullum, ya ɗora hannu a kan rediyon. Batir ya daɗe da mutuwa, babu abin da zai kunnu. 'Yarmu ta tsaya tana kallonsa, tausayi ya kama ta. Tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, da shi ta ce masa, Kawu, bari in sa maka waƙar a waya, yau ɗaya dai. Ya gyaɗa kai.

Waƙar ta fito tas, babu shuu ɗin nan na kaset. Aka zo amshi, ya karkata kunne. Aka wuce. Ya ce, “Mayar baya.” Ta mayar. Ya ce, “Ba wannan ba ce.” Ta ce ita ce, ta asali ma kuwa. Ta nemo wata da aka gyara daga baya, ta nemo wadda suka yi a gaban taro. Mawaƙi yana nan, 'yan amshinsa suna nan, siririyar muryar babu ita ko'ina.

Ya ɗago ya dube ni. “Hajiya, kaset ɗin nan a ina Alhaji ya saya?”

Na ce ai ba saya ya yi ba. Labarin ya ba ni har na haddace. A ɗakin kwanan ɗalibai ya ari kaset ɗin wani, ya ari rediyo, ya haɗa da nasa ya jera su baki da baki a kan gado, ɗaya yana yi ɗaya yana ɗauka. Haka kowa yake yi lokacin. Matsalar ita ce duk motsin da aka yi a ɗakin sai ya shiga, don haka sai a rufe taga, a cusa zane a ƙasan ƙofa, a kori kowa. Yakan yi alfahari da yadda ya kori abokan ɗakinsa ya kulle kansa.

Na ce, “Shi kaɗai ne a ɗakin.” Ina rufe baki na gane abin da na faɗa.

Daidai nan babbar motar masu kwashewa ta shawo kwanar layinmu. Ni da na matsu a rabu da wannan akwala, ni ce na tare gabanta da hijabina ina cewa a dakata. 'Yarmu ta je tana ba direban haƙuri. Amininsa ya ce a kawo masa sukundireba da wuƙar cin abinci, ya durƙusa ya ciro rediyon gaba ɗaya da wayoyinsa suna reto. Aka ja motar aka tafi, ko kallonta ban yi ba. A kan teburin kicin ya kwance rediyon. Zaren kaset ɗin ya nannaɗe a jikin wani ƙarfe, ya yi laushi don tsufa. Na tsaya a kansa ina cewa, “A hankali, don Allah a hankali, in ya tsinke na shiga uku.” Ya ce, “Hajiya, yi shiru, bar ni in yi aiki.” Da bayan biro ya lallaɓa ya naɗe zaren, bai tsinke ba.

Washegari bayan la'asar ya dawo daga Dagenham rungume da wani tsohon rediyo da ya zaƙulo a ƙarƙashin gadonsa. Muka rufe ƙofar kicin, mu uku. Babu ƙarar inji, babu iskar kogi, babu masu musu. Aka zo amshi, sai ga muryar, a fili yau. Wani yaro ne yake bin waƙa bai iya ta ba, ya shigo a makare, ya kama kalma ɗaya ya saki biyu, ya cike sauran da gunaguni. Na kasa kunne da dukan raina, kuma ban san muryar ba. Ta saurayi ce, siririya, ta shekarun da ban san ma akwai shi a duniya ba. Na ce a zuciyata, ko wani ne ya laɓe a taga?

Amininsa ya kai hannu zai mayar baya, don haka suka saba. Na riƙe hannun rigarsa na ce, “Bar ta ta ƙare.” A lokacin na tuna cewa duk shekarun nan maigidana bai taɓa barin waƙar nan ta kai ƙarshe ba. Jita tana fara sauka zai danna, ko baya ko gaba.

Jitar ta sauka, ta mutu. Aka ji gado ya yi ƙara. Sai gyaran murya sau biyu, gajere sannan dogo, irin wanda yake yi kafin ya ta da salla, kafin ya yi mini faɗa, kafin ya nemi ƙarin miya. Sannan yaron ya ce, “Yauwa,” aka ji ƙas, ya tsayar da ɗauka.

'Yarmu ta toshe bakinta. Amininsa ya fara dariya, dariyar ta koma kuka. Ya ce, “Na faɗa masa namiji ne. Shekara nawa ina faɗa masa!” Ya share fuska da hularsa, ya tambaye ni, “Hajiya, ya sani?”

Na ce, “Ya sani mana. Mugun mutum! In ya faɗa maka, da me za ku yi hira ranar Lahadi?”

Ya jima yana kallon rediyon, sannan ya ce, “To na ci musu. Wa zan gaya wa?”

'Yarmu ta kwafe kaset ɗin a waya don kada zaren ya gaji. Ta ce za ta yanko mini ƙarshen kawai, in huta da hayaniyar. Na ce ta bar shi yadda yake. “Uwargida” ɗin da nake nema ban same ta ba, kuma na san ba zan same ta ba, wannan yana ci mini rai har gobe. Abin da na samu gyaran murya ne da kalma ɗaya. Har yanzu ba na son waƙar, har yanzu tana sara mini kai. Amma kullum bayan la'asar nakan zauna a kicin in kunna ta tun daga farko, in jure jitar da kururuwar, ba na dannawa, don shi yana ƙarshe.