Kuka a Ƙarƙashin Kujerar Baya

Na koyi tuƙi ne bayan na haura arba'in, kuma ba don sha'awa ba. Maigidana ne ya yanke jiki ya faɗi wata safiya, hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da rabin maganarsa. 'Ya'yanmu mata suna ɗakunansu, namijin yana aiki a Kudu. Motar kuwa tana nan a ƙofar gidanmu a Takur, tsohuwa ce, ta girmi autarmu. Dole a sami mai kai shi asibiti gashin ƙashi, ba kuma kowa sai ni.

Haka kwanakin suka koma. In yi masa wanka, in ba shi koko, in tafi firamaren da nake koyarwa, in dawo in tallafe shi zuwa kujerar baya, inda ya fi samun wurin miƙe ƙafa. Mutumin da ba ya yarda kowa ya taɓa masa sitiyari, ga shi yana kallon ƙeyata ina ta fama da giya a cikin 'yan a-daidaita-sahun Dutse.

Da bazara ta kankama sai ya ɓullo da wata ɗabi'a. Ina tayar da mota zai fara bubbuga kujera da hannunsa mai lafiya, yana cewa, "Mai, mai." Na ɗauka so yake in tsaya in sha mai.

"Akwai na zuwa da dawowa, Malam," in ce da shi.

Sai ya girgiza kai. Daga baya na zaci kujerar ce take cin bayansa, na sa masa filo. Ya ture shi ƙasa. Ranar na yi fushi, shi ma ya yi, muka je asibitin muka dawo ba wanda ya kalli wani.

Ba wai ban ji ƙarar ba. Ina jin wani siririn kuka kamar zanzaro ya shiga gwangwani. To amma tsohuwar mota ba a raba ta da surutu, ƙofa da nata, salansa da nata. Da ta fara fizga in na taka totur, na kai ta wani gareji kusa da makarantarmu, aka canza fulogi. Kukan bai tafi ba, ni kuma ba ni da sauran ƙarfin bin sawunsa.

Ana haka aka yi wa yayarsa rasuwa a Buji, mijinta ne ya cika. Muka kama hanya bayan azahar, rana tana dukan rufin motar. Mun yi nisa da gari sai ta fara jan numfashi, in taka ta ƙi amsawa, can ta mutu ɗungurungum. Wasu mutum biyu da ke sharar gona suka ajiye manjagara, suka tura mu gindin wata tsamiya, suka yi mana sannu suka koma aikinsu.

Na kifa kaina a kan sitiyari. Ba kuka nake ba, gajiya ce kawai. Sai na ji ya taɓa kafaɗata. Ya nuna makulli, ya murɗa hannunsa kaɗan a iska, ya tsaya. Na gane yana nufin in murɗa rabi, kada in tayar. Na yi. Da yake injin yana kashe, kuma daji shiru, sai na ji shi sarai: kukan daga ƙarƙashinsa yake fitowa, ya yi tsawo, ya shaƙe, ya ɗauke. Ya jawo hannuna ya ɗora a kan kujerar, ya sa na sake murɗawa. Na ji tana karkarwa a tafina.

Ya daɗe yana haɗa bakinsa kafin ya ce, "Fam. Famfon mai."

Na kai hannu zan tayar da motar. Ya ɗaga tafi alamar mu jira ta huce. Muka zauna muna kallon awaki suna tsintar ganye har inuwa ta karkata. Da na sake gwadawa ta tashi. Ban yarda na ci gaba ba, na juya gida a hankali, na kira yayar tasa a waya na ba ta haƙuri.

Washegari na nemi izini a makaranta, muka tafi wurin tsohon bakanikensa, wani dattijo mai furfura a gemu da ban taɓa gani ba sai a bakin Malam. Da ya gan shi a kujerar baya sai ya durƙusa ya riƙe hannunsa na hagu da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ashe haka Allah ya yi. Allah ya sa kaffara ce."

Muka zaunar da Malam a benci ƙarƙashin rumfa. Dattijon ya zare wani tiyo a gaban injin, ya sa bakinsa a gora, ya ce in murɗa makulli. Man ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan kamar butar da ta toshe. Ya cire kan batir, ya ɗage kujerar baya gaba ɗaya, sai ga wani murfi kewayayye da ban san da shi ba. Ya kwance shi, ya zaro famfon daga cikin tanki yana ɗiga. Ragar da ke gindinsa ta yi baƙi ƙirin da tsatsa.

"Hajiya, da ɗan mai kaɗan kike yawo ko?"

"Wa yake cika tanki yanzu, Baba?"

"Ba kowa," ya ce. "Shi dai abin a cikin mai yake kwance, man ne yake sanyaya shi. In ya yi ƙasa sai ya yi ta zuƙar datti da zafi har ya gaji."

Ya tafi kasuwa da kansa, ya dawo da guda biyu, sabo a kwali da kuma na hannu ɗan Beljiyam. Bai miƙo mini ba, ban kuma ji haushi ba. Malam ya auna kowanne a hannu, ya juya su, ya ajiye sabon, ya miƙa masa ɗayan.

Aikin ya cinye yinin. Sai da aka sauke tankin aka wanke, aka canza robar murfin da ta bushe, aka mayar da komai. Na yi azahar da la'asar a bayan wani shago, a kan kwali. Sau biyu ina raka Malam ya kama ruwa, a wurin da ba a yi shi don marar lafiya ba. Da dattijon ya murɗa makulli, wani ɗan gunji ne kawai ya fito, gajere, ya ɗauke, injin ya tashi.

A hanyar gida warin fetur ya cika motar har kaina ya fara sarawa. Malam ya yi barci tun kafin mu fita daga layin makanikai. Da muka iso na kashe mota, na zauna ban tashe shi ba. Akwai tuwon dare da ban ɗora ba, ga takardun jarrabawar yara da ban duba ba, ga shi sai na ɗaga shi. Na ɗan zauna dai har aka kira magariba.

Mun je ta'aziyyar a satin da ya biyo, motar ta kai mu ta dawo da mu. Kafin ruwan farko ya sauka kuma lagireto ya fara yoyo.