Kina Iya Tahiya

Da safiyar ranar Inna ta dama kunun tsamiya, ni kuma na shafa mata man zafi a gwiwa. Damina ce, dawa ta fi mutum tsawo. Na tuna tana yi mini tsiya wai hannuna ba ƙarfi, hannun biro ne.

Ita ta haife ni, amma a ƙauyenmu, tsakanin Kalgo da Diggi, Inna Soja kowa yake kiran ta. An ce ita ce mace ta farko daga yankinmu da ta shiga aikin jinya a soja. Ba ni da hujjar da zan kafa, sai dai ban taɓa jin wanda ya musa ba. Ni a Gwandu na girma, a hannun kakata. Sau ɗaya a shekara nake ganin Inna, tana warin asibiti. Duk sojan da ta yi jinya, ɗana take ce masa. Da ta yi ritaya, ni kuma na gama jami'a a Kalgo, sai na tattara na koma wurinta. A zuciyata na ce yanzu dai tawa ce.

Bayan azahar, wajen biyu da rabi, muka ji babura ta gabas. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai harbi. Awaki suka tsinke igiya. Wata mata tana ta kiran sunan ɗanta.

"Ku kwanta ƙasa!" in ji Inna. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba.

Muna kwance a zaure wani abu ya doke ni a dantse. Zafin bai zo nan take ba, jinin ne ya fara zuwa. Ina jin rabin awa aka yi kafin ƙarar baburan ta yi nisa, ta bi shanun da maharan suka kora.

Mutane suka fara jawo masu rauni zuwa zaurenmu. Inna tana bin su ɗaya bayan ɗaya, tana dubawa, tana wucewa. Da ta iso kaina ta yage rigata, ta kalli raunin, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure. Ba ta kalli fuskata ba, ko kuma ta kalla ban lura ba.

"Kina iya tahiya. Tahi! Bi sauran mata!"

A gefena akwai Sambo, wani makiyayi da ban taɓa gani ba. Harsashi ya fasa masa cinya. A gabansa ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo. Ina bakin ƙofa na ji ta ce masa ɗana.

Muka shiga gonar dawa. Ganye yana yankan fuska. Ba mai magana, sai numfashi da kukan jarirai da ake toshewa da nono. A fadama laka ta cire mini takalma. Daidai la'asar muka sake jin harbi a bayanmu, daga ƙauye. Na juya. Wata tsohuwa ta finciko zanena.

"Gaba!"

Ana kiran magariba muka fito titin Kalgo. Washegari kawuna ya zo da mota ya kai ni Gwandu. A hanya ya faɗa mini.

Sauran labarin daga bakin Sambo na ji shi. Da maharan suka dawo, Inna ta riga ta tsayar masa da jini. Ta lulluɓe shi da wasu mutum biyu da tabarmi da harawa, ta fita ta tsaya a ƙofar zaure. Ya ce ta yi wa maharan tsawa. Ya ce kafin ta fita ta dafa goshinsa ta yi masa addu'a. Su ukun duk sun rayu.

Na san ƙa'idar aikinsu ce: mai iya tafiya ya tafi, a tsaya wa wanda ba ya iyawa. Wani tsohon soja da ya zo ta'aziyya ya ce haka ta yi duk rayuwarta, kuma shi ya sa ake girmama ta. Na yarda. Wataƙila ni ma da haka zan so a yi wa nawa. Amma ina yawan tunanin da harsashin a ƙafa ya same ni.

Sambo yakan zo Gwandu da ƙwaryar nono, yana ɗingishi. Ya sa wa 'yarsa sunan Inna. Ina gaishe shi yadda ya kamata, ina ba shi ruwa. Idan ya fara ba da labarin addu'ar nan, nakan tashi in duba tukunya.

Mutum bakwai aka binne a ƙauyenmu, Inna ce ta bakwai. Ɗankwalin yana cikin akwatina. Da almakashi aka yanke shi daga hannuna a asibiti, don na hana a kwance ƙullin.