Ranar da Na Faɗi Sunan Ɗiyata

Akwai daminar da ba zan manta ba muddin ina numfashi. Sau biyu muka yi shuka a Tamaske, hatsin farko ya ƙone, na biyu ya tashi a raunane. Shekarar duka ta yi nauyi, kowa magana ƙasa-ƙasa yake yi.

A wannan daminar ɗiyata ta fari ta zo hutu daga jami'ar Tawa da odinatarta, wato kwamfuta. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Haka na tashi na gani, haka na riƙe. "Ke" kawai nake ce mata.

Kullum da hantsi tana gindin itacen bedi tana danne-danne. Wata rana ta ce, "Inna, aikin ga kamar gayya yake. Manhaja ce ta waya mai tuna wa mata ranar rigakafin yara. Ba mai ita, kowa na iya sa hannu. Ka kwafo, ka gyara ɗan wurin da ka iya, ka aika da bayani. Masu kula su duba, in da gyara su maido, in ya yi su haɗa da sauran."

Na ce, "To, mi ya kai ni ciki?"

Ta ce ita ta sa muryarta da Hausarmu ta Adar, amma ƙa'idarsu sai wani mai jin harshen ya saurara ya shaida. "Ke da kika yi karatun manya, zo ki zauna kusa da ni."

Na juya wajen turmi na ce, "Gobe." Sau uku tana roƙo, sau uku ina cewa gobe. Ba aiki ya hana ni ba. Nauyin zama kafaɗa da kafaɗa da ita nake ji.

Zazzaɓi ya kama ta ran Talata. Kafin Juma'a mun rufe ta.

Bayan sadakar arba'in, ƙawarta, wata malamar lekol, makarantar boko, a Keita, ta zo da odinatar. Ta ce, "Inna, masu kula sun rubuto. Har yanzu ba wanda ya shaida aikinta. In ba a samu ba, za su rufe shi."

Na zauna a gindin bedin nan. Ta danna, sai ga muryar ɗiyata: "Uwar yaro, gobe ranar allura ce, kar ki manta." Na saurara har ƙarshe, na nuna wurare biyu da tsofaffinmu ba za su gane ba, malamar ta rubuta. Sannan ta ce, "Saura ki faɗi sunanki da sunan wadda kika duba wa aiki." Na tashi na shige ɗaki.

Yau na san kunya ado ce, amma ba a yi wa mai rai gobe da ita, don goben ba a hannunmu take ba.

Da gari ya waye na ɗaura zane, na tarar da malamar tana shirin tafiya tasha. Na ce ta kunna. Na faɗi sunana, sannan na faɗi nata, a fili, karo na farko tun ranar suna.