Shanun Laka a Ƙarƙashin Gado

A ƙauyenmu na wajen Rimawa, duk jikan da anka yaye hannuna yake dawowa. In ɗebo laka a fadama, in kwaɓa, mu zauna gindin rumbu muna gina shanu. Ni in ɗora tozo, yaro shi soka ƙaya biyu su zama ƙaho, mu shanya a rana. Da haka suke koyon ƙirga.

Shekarar da 'yan bindiga sunka kore garkenmu, munka dawo Wurno, ɗaki guda. Na samo wa ƙaramin jikana mai shekara uku laka a bakin rijiya, munka gina shanu biyar. Nic ce, "Maigida, kai su rana su bushe."

Sai yak kwashe su, yat tura ƙarƙashin gado.

"Mi kake yi haka?"

"Kaka, yi shiru. In sun gani za su tafi da su."

Na yi lallashi har na gaji. Damina ce, ƙasan ɗakin da danshi, shanun sunka saki, sunka koma curin laka. Da yaj jawo su bai yi kuka ba. Tun ranar ban sake kwaɓa laka ba, shi ma bai tambaya ba.