Sa'adatu, Wadda Aka Kira Ta Dundaye

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda nake kira Adda. Sunanta na yanka Sa'adatu. Da gangan na fara da shi, domin da ranta in kuka shiga Tudun Wada nan Sakkwato kuka tambayi gidan Sa'adatu, ba mai nuna muku. Ku ce gidan Ta Dundaye, a kai ku har ƙofa. Ni ban yi boko ba. Magana na iya, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Na faɗa aka rubuta, aka maimaita mini, na ce haka nake so ya fita a jarida.

A Dundaye aka haife mu. Mahaifinmu manomi ne mai ɗan karatu, kuma in ya zaunar da ɗiyansa maza da allo, mu ma sai mun zauna. Ni tatsuniya da surutu suka fi jan hankalina. Adda kuwa karatu ya shige ta kamar ruwa a busasshiyar ƙasa, har ta sauke ta shiga littattafai kafin a kai ta ɗaki. Malam Haliru ta aura, mai sayar da yadi a kasuwa, mai kuma ɗalibai a zaurensa. Suna son juna, wannan kowa ya shaida.

Ranar da aka kai ta aka tarar da matsala. Mahaifiyar Malam ita ma Sa'adatu ce. A gidan mutunci ba a kiran sunan uwar miji, balle a tsaya tsakar gida a ƙwala wa amarya kira da shi, tsohuwa tana zaune tana ji. Tsofaffin gidan suka yi shawara a tsaye, kafin ma a gama jeren ɗaki, suka ce a riƙa ce mata Ta Dundaye. Shi ke nan. Miji ya kira ta haka, dangin miji suka kira ta haka, maƙwabta suka ɗauka. Da ta haihu, ɗiyanta suka ce Inna. Da ta fara koyarwa, mata suka ce Malama. Tsohuwa ta rasu, sunan bai dawo ba, don baki ya riga ya saba. Ni kaina Adda nake cewa, ƙanwa ba ta kiran sunan yayarta gatsau.

Koyarwar nan ba da shiri ta fara ba. Wata maƙwabciya ce, matar baduku, ta shigo ɗibar wuta, ta tsaya tana kame-kame, daga baya ta ce tana shakkar Fatiharta. Adda ta saurare ta, ta gyara mata. Kashegari ta dawo da 'yar'uwarta. Kafin a ankara, kullum bayan la'asar tsakar gidan ya cika da tabarmi a gindin dogon yaro: matan 'yan hatsi, matan maɗinka, zawarawa, tsofaffi masu jikoki da ba su taɓa riƙe allo ba. Mai goyo ta zo da goyonta. Adda tana biya wa wannan, tana waiwayen tukunya, tana tsawata wa waccan da ta fara gyangyaɗi. Tsarki, salla, wankan gawa, haƙƙin mace a gado, duk a tabarmar nan matan unguwa suka ji su da harshen da suke ganewa, daga bakin da ba su jin nauyin tambaya.

Ba zan zalunci Malam Haliru ba, Allah shi jiƙansa. Mutumin kirki ne. In aka kawo masa tambayar da ta shafi mata, yakan ce a shiga ciki a tambaya. Amma in baƙo ya ga mata suna ɗuruwa cikin gidan ya tambayi ko mene ne, sai a ce masa ai makarantar Malam ce. Da Malam ya rasu, ɗaliban zaurensa suka watse, kowa ya nemi wani malamin. Ta tsakar gida ko fashi ba ta yi ba, sai na kwanakin zaman makoki.

Adda tana da rediyo da ba ta rabuwa da shi, kullum yana jingine kusa da murhu. Daga nan take jin duniya, in na zo daga gidana a Mabera ta juye mini. Ita ta fara gaya mini akwai ƙasashen da mace da namiji za su yi aiki iri ɗaya, a sallami namijin da abin da ya fi. Ta gaya mini akwai inda mata ke noman abin da gari zai ci, amma gonar ba ta taɓa zama tasu. Ba ta faɗin waɗannan da zafi. Jinjina kai take yi, ta ce ashe abin ba na unguwarmu ba ne kaɗai. Ranar da ta ji cewa matan Turawa in sun yi aure sukan ajiye sunan ubansu su ɗauki na miji, dariya ta yi har ta dafa gwiwa.

"Kulu," ta ce mini, "su sun ba da nasu kyauta. Ni nawa yana nan, ninke shi dai aka yi aka sa cikin adaka."

Na yi dariya ranar. Ban san cewa adakar ba za a buɗe ta ba ko ranar mutuwa.

Da damina Adda ta rasu, da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Mu mata muna ciki, maza suna zaure suna shirya sanarwar da za a kai gidan rediyo. Da yamma muna zaune aka kunna, sai na ji ana faɗin rasuwar wata Malama A'ishatu, matar marigayi Malam Haliru, mahaifiyar Alhaji Bello mai hatsi, aka jero sunayen ɗiyanta maza da na surukai, kowa da laƙabinsa, ba wanda aka yi wa kuskure. Na ɗauka kunnena ne. Na dubi matan da ke ɗakin, ba wadda ta motsa, don ba su san an yi kuskure ba.

Daga baya na ji yadda aka yi. Mai kai sanarwa ya tambayi sunan mamaciya. Bello, babban ɗanta, ya sunkuyar da kai. Ƙannensa suka sunkuyar. Sun san sunan, amma wane ɗa ne zai buɗe baki cikin taron maza ya kira sunan uwarsa, wanda kuma sunan kakarsa ne? Da shirun ya yi tsawo, wani dattijon maƙwabci ya ce shi dai kamar ya taɓa jin A'ishatu. Ba wanda ya gyara, domin gyaran sai an faɗi na gaskiya. Haka Sakkwato ta yi wa wata A'ishatu addu'a. Na san Allah ya san wadda ake nufi. Amma ni abin ya tsaya mini a rai shekara da shekaru.

Nakan zauna in ce, da Adda za ta leƙo yau, mi za ta ce? Za ta ga mata suna ciniki da waya daga cikin ɗaki, kaya su tafi har Legas ba su taka ƙofar gida ba. Za ta ga jikarta tana aikin asibiti, maza da furfurarsu suna bin layi su gan ta. Wannan zai yi mata daɗi. Sannan za ta kunna rediyo ta ji labaran nan nata suna nan inda ta bar su, har da ƙari: wai akwai ƙasar da aka rufe wa 'yan mata ƙofar makaranta, kuma da sunan addinin da ita ta ƙarar da ranta tana koya wa mata. Wannan kam ba za ta jinjina kai kawai ba. Na san ta.

Bayan rasuwarta Allah ya ba ni ikon sauke farali. A Mina na zauna kusa da wata mata fara, ƙarama, daga can gabashin duniya. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ta dafa ƙirjinta ta faɗi sunanta, na dafa nawa na ce Hauwa'u. Ban tuna rabon da in faɗe shi da bakina ba, kowa Kulu yake cewa. Mijinta yana zuwa ta miƙe ta tattara jakunkunansu duka biyu, shi yana gaba da tasbaha, ita tana biye. Na ce a raina, wagga ma 'yar unguwarmu ce.

To abin da ya sa na yi maganar nan bana shi ne makaranta. Matan da Adda ta koyar su suka riƙe ta bayanta, har tsakar gida ya yi kaɗan. Bello, Allah shi yi masa albarka, ya sayi kangon da ke jikin gidan ya gina ajujuwa na bulo, da rijiya, da wurin alwala. Ba a roƙe shi ba. Da aka zo maganar allon da za a kafa bakin hanya, sai na ji an gama shawara: sunan Malam Haliru za a rubuta. Shawarar a zaure aka yi ta. Matan da ke koyarwa a ciki, a bakin mai fenti suka ji.

Na aika Bello ya zo. Ya zo Mabera da kansa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni, mutum mai jikoki. Na bar shi ya sha ruwa, sannan na tambaye shi wa ya kafa makarantar nan. Ya ce Inna ce, ba wanda ke musu. Na ce to mi ya hana a rubuta. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Inna Kulu, allo bakin titi yake," ya ce. "In aka rubuta, kowane mai keke napep sai ya riƙa ƙwala kira da sunan Inna yana neman fasinja. Ni ba ni iya jin wanga."

Na dube shi, na ga ba ƙeta ba ce. Ƙauna ce da girmamawa, irin wadda mu muka koya masa. Shi ya sa maganar ta yi mini nauyi. Na ce masa masallacin unguwarsu da sunan ubansa ake kiransa, masu keke suna faɗinsa safe da yamma, ban ji ya ce an wulaƙanta Malam ba. Na tuna masa shi ɗan fari ne, Adda har ta koma ga Allah ba ta kira sunansa ba don kunya, amma hakan bai hana sunan Bello zama a bakin duk kasuwar hatsi ba.

"Kunyar da aka yi maka ba ta ɓatar da kai ba," na ce. "Wadda aka yi mata ta shafe ta. Ka taɓa tambayar kanka dalili?"

Idonsa ya kawo ruwa, ya ce in ba shi lokaci ya yi magana da ƙannensa. Na ba shi. Bayan sallar layya aka kafa allo. Ban iya karanta shi ba, amma an karanta mini: sunan Malam Haliru ne da manyan baƙaƙe, a ƙasa an sa cewa sashen mata ne. Sashen mata, alhali ba wani sashen.

Ban yi fushi da Bello ba, kuma ban fasa zuwa makarantar ba, don duk Alhamis nakan je in zauna da tsofaffi 'yan'uwana mu saurari karatu. Abin da na canza ɗaya ne. In na tsayar da keke a bakin titin Mabera, sai in ce a kai ni Tudun Wada, makarantar Malama Sa'adatu. Na farko ya ce bai san ta ba. Na ce mu tafi, ni na sani. Na nuna masa hanya lungu-lungu, da muka isa ya dubi allo ya ce ai Hajiya wannan ta Malam Haliru ce. Na ce allon nasa ne, makarantar tata ce, na ba shi labarin kafin in sauka. Haka na yi wa na biyu, haka na uku. Da farko sunan yana yi mini nauyi a baki, ni ƙanwarta, har sai na rage murya. Yanzu ya saki.

Bello, na san za a kai maka jaridar nan har rumfa. Ka ga sunan a rubuce inda kowa zai gani, kuma ni na sa. In akwai laifi nawa ne, kai ka fita. Ba na neman ka faɗe shi da bakinka, na san ba ka iyawa. Kada dai ka hana wasu.

In na auna abin da ya rage na Adda, ba ɗaki ba ne, an rushe shi wajen gini. Dogon yaron ma an sare. Abin da ya rage mata ne a Tudun Wada da suka san yadda za su tsaya gaban Ubangijinsu ba tare da shakka ba, suka san abin da yake nasu in an zo rabon gado, suka kuma koya wa ɗiyansu. Wannan ba ya bukatar allo, kuma ladansa ba ya ɓatan hanya. Amma 'yan matan da ke zaune a ajujuwan nan ya kamata su san cewa mace ce ta fara, mace mai tukunya a wuta da goyo a baya, kuma tana da suna kamar kowa.

Alhamis ɗin da ta wuce na fito bakin titi, ban kai ga ɗaga hannu ba wani mai keke da ban shaida fuskarsa ba ya taka birki a gabana. Ya leƙo ya ce, cikin ladabi, ba da ƙwala kira ba, "Hajiya, makarantar Malama Sa'adatu za a?"

Na shiga na zauna.

Allah shi jiƙan Sa'adatu, shi haskaka makwancinta.

Hajiya Kulu, Mabera, Sakkwato