Layi na Goma Sha Bakwai a Allon Baba Fenti

Ɗakin Baba Fenti yana ƙarƙashin matakala a ginin Ma'aikatar Tsaro, tsakanin ɗakin janareto da inda ake jibge karyayyun kujeru. Duk allon da ke ƙofar wani ofis a ginin nan mai hawa biyar shi ya rubuta shi, amma ƙofarsa babu komai. Ya ce warin fenti ya isa ya nuna wa mutum hanya.

Yana ɗan shekara ashirin da biyu ya shigo aiki, bayan ya gaji da rubuta sunayen shaguna a kasuwa. Yanzu saura wata bakwai ya yi ritaya. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa ɗaya ma'aikaciyar jinya ce a wani gari, kullum tana kiransa ta yi masa faɗa kan shaƙar fenti. Hannunsa na hagu yana rawa, har shayi yakan zubar. Na dama kuwa, da zarar ya riƙe burushi, ko motsi ba ya yi.

Ni a ofishin rajista nake, hawa na biyu. Na gama jami'a bara, na samu aikin wucin gadi na karɓar takardu da buga musu hatimi. Ranar da aka fara aikena wurinsa na yi kuskuren gaya masa cewa a kan ma'aikatar nan na rubuta kundin kammala karatuna. Tun daga ranar sunana ya koma Digiri.

"To Digiri, shafi nawa ka rubuta?"

"Tamanin, Baba."

"Tamanin! Zo ka ga nawa kundin."

Ya kai ni bayan ɗakin, inda tsofaffin alluna ke jingine da bango, ya riƙa jawo su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ƙarami ne, na lokacin da duk harkar tsaro ɗaki biyu ce a ofishin shugaban gwamnati. Wannan gadonsa ya yi daga wanda ya gabace shi. Akwai na lokacin da aka mayar da ita ma'aikata mai zaman kanta. Akwai wanda aka sa shi ya cire da sassafe, shekarar da masu kaki suka karɓi mulki suka ce ba sa bukatar minista. Ya ɓoye shi shekara tara, da farar hula suka dawo ya goge ƙura ya mayar. Sashen sayayya kaɗai an canza masa suna sau shida.

"Mutanen ciki dai su ne, shayinsu ma bai canza ba," in ji shi.

Shi ya koya mini ginin da yatsa. Hawa na uku na hafsoshi ne, na ƙasa da na ruwa da na sama, kowa da ƙofarsa. Na huɗu babban sakatare da lauyoyi. Na biyar minista, wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, amma duk masu taurarin nan sai sun miƙe in ya shigo.

Aikinsa mafi girma yana zauren shiga: dogon allo baƙi da ake rubuta sunayen sojojin da suka mutu a bakin aiki, da fenti ruwan zinare. Sau ɗaya a shekara ake ƙara sunaye, a yi taro, a nuna allon a talabijin layi bayan layi.

Yayana soja ne. Mako bakwai kafin abin da zan faɗa, an yi wa motocinsu kwanton ɓauna a wata mashigar kogi. Takardar da aka kawo gida cewa ta yi ba a san inda yake ba. Umma ta riƙe wannan kalma da hannu biyu. Wayarta ba ta rabuwa da caji, ko banɗaki za ta shiga sai ta bar ta a bakin ƙofa da ƙara a sama. Duk yamma tana gaban talabijin, tana leƙa fuskokin sojojin da ke bayan mai magana.

Wata Litinin da safe shugabar ofishinmu, wadda muke kira Anti, ta miƙo mini ambulan daga hedikwatar sojan ƙasa.

"Kai wa tsohon nan na ƙasa. Sunayen bana ne, taro saura kwana goma sha ɗaya."

Ba a liƙe ambulan ɗin ba. A kan matakala na buɗe. Suna ashirin da uku ne. Na goma sha bakwai na Yaya ne, da lambarsa da muƙaminsa.

Ban yi kuka ba. Na tuna dai na lura an zubar da ruwa a kan matakalar, na ce a raina wani zai iya zamewa. Na sauka na miƙa wa Baba takardar. Ya sa tabarau ya bi ta da yatsa, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Digiri, lafiya? Ka yi fari kamar an shafa maka farar ƙasa."

Na nuna masa layin. Na ce, "Wana ne. Umma ba ta sani ba. A talabijin za ta gani."

Bai yi mini ta'aziyya ba. Ya juya takardar ya duba bayanta, ya jawo wani fayil daga ƙarƙashin gwangwanaye ya ƙirga takardun da ke ciki, masu jan hatimi. Ashirin da biyu.

"Zauna," ya ce. Na zauna a kan bokiti.

Nan ya ba ni labarin wani kofur. Shekara ashirin da shida da suka wuce bariki ta aiko da jerin sunaye, shi kuma ya rubuta duka bai tambayi kowa ba. Bayan wata bakwai sai ga wani mutum da sanda a zaure, ya tsaya gaban allo yana karanta sunansa. Aka kira Baba. Mutumin bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Malam, kai ne ka kashe ni?" Mahaifinsa ya ga sunan a taro, bai ƙara tashi daga kwance ba. Baba ya kankare sunan da reza a gaban mutumin. Har yau in ka tsaya daga gefe za ka ga tabon.

"Tun ranar ba na rubuta suna sai na ga takardarsa daga hawa na biyar, da sa hannu da jan hatimi. Kwamanda yana da ikon tura mutum cikin wuta, amma ba shi da ikon cewa ya mutu. Wannan sai minista. Ba ka sa shi a shafi tamanin ɗinka ba?"

Na ce ban sa ba.

Kwana uku ya yi yana rubutu. Da ya gama na goma sha shida ya auna faɗin layi ɗaya da rula, ya tsallake, ya ci gaba da na goma sha takwas. Ranar Alhamis wani manjo mai kula da shirin taro ya sauko, ya ga giɓin. Ina wurin, na kawo wasiƙa.

"Baba, wannan haƙorin da ya fita fa?"

"Takardarsa ba ta sauko ba, ranka ya daɗe."

"Ni na sa hannu a jerin nan. Mutanena ne. Na san abin da ya faru a kogin."

"Ban musa ba, ranka ya daɗe. Amma burushina hatimi yake ji, ba ya jin tauraro."

"Ka san zan iya sa a kawo wani mai fenti daga kasuwa yau ɗin nan?"

"Za ka iya. Sai dai takardar ɗaukarsa ma sai ta hau hawa na huɗu, kuma ka san yadda suke da sauri."

Manjo ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai zuci ba. Ya dubi giɓin ya daɗe, ya dube ni, ban sani ba ko ya ga ina kama da Yaya. Sannan ya tafi.

Kwanakin da suka biyo baya ina zuwa aiki ina buga hatimi. A gida Umma tana tambayata ko na ji wani abu a ofis, ina cewa a'a. Abinci ba ya mini ɗanɗano, amma ina ci. Duk safiya kafin in hau sama sai na bi ta zaure na dubi layin nan baƙi, babu komai a kansa, sannan in iya hawa matakala.

Ranar Laraba, saura kwana biyu taro, takardar ta sauko. Ta hannuna ta biyo, domin komai ta rajista yake bi. An gano gawarwaki uku a ƙasan kogin, likitoci sun tabbatar ɗaya ta Yaya ce, lauyoyi sun duba, minista ya sa hannu. Na buga mata hatimin karɓa, na rubuta kwanan wata da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. Anti ta karɓa ta karanta, ta rufe bakinta da hannu. Ta ce jami'an da za su kai wa iyali saƙo sai mako mai zuwa, mota ɗaya ce a sashen.

Na kai wa Baba kwafinsa. Ya karanta har ƙasa, ya taɓa jan hatimin da babban yatsa.

"Allah ya jiƙansa," ya ce. Sai yanzu ya faɗa. "Yanzu ba ni da hujja, ɗana. Manjo zai sauko kafin azahar."

Na ce na sani.

Ya ɗauki gwangwanin ruwan zinaren ya girgiza shi kusa da kunnensa. A cike yake, ina jin motsinsa.

"Ka ji? Ya daskare. Sai na nemo abin tsinka shi, kuma ba zan samu ba sai gobe da hantsi. Kai kuma me kake jira a nan?"

Na samu Umma a tsakar gida tana gugar kayan makarantar ƙanwata, waya a kan kujera kusa da ita. Ta ga na dawo da rana tsaka, ta tsayar da dutsen guga. Na durƙusa na faɗa mata. Ban san da waɗanne kalmomi ba.

"An tabbatar?" ta ce.

"An sa hannu, Umma."

Ta zare wayar dutsen gugar daga bango, don kada rigar ta ƙone. Ta ɗauki wayarta ta duba fuskar wayar, ta kashe ta. Sannan ta zauna a ƙasa, inda take tsaye.

Washegari da hantsi na samu Baba a zaure, ya kafa ɗan tsaninsa, burushi a bayan kunne. Manjo yana tsaye daga nesa yana duba agogo.

"Ta ji?" in ji Baba.

"Ta ji. Daga bakina."

Ya gyaɗa kai, ya buɗe gwangwanin, ya miƙo mini murfin in riƙe. Minti goma sha ɗaya ya ɗauka. Da ya gama ya sauko ya goge burushin da tsumma, ya ce kada in bari kowa ya jingina da wurin sai ya bushe. Na tsaya ina gadi, da murfin a hannuna.