Facin da Na Yi wa Lasifikar Ƴan Ƙarfe

Shekarun baya, tun ina da gashi a ka kuma ina iya hura turampet ba tare da na nemi wurin zama ba, an yi ƙungiyoyin kiɗa biyu a Madarumfa da suka fito daga cikin kaset guda. Wasunku sun ga tsohon hoton da na sa kwanaki, suna ta tambaya ko da gaske ni ne wancan siririn mai kumbura kumatu. To ni ne, kuma ga yadda aka yi.

Yayana direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, yana zuwa Kwatano ɗauko kaya. A farkon shekarun 1990 ya dawo da wani kaset da wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ba shi, ba hoto ba rubutu. Ya saurara bai ga abin so ba, ya jefo mani. Ni da abokina, wanda muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare tun ajin farko, muka ɗauki manyeto, rediyon nan mai cin kaset, muka tafi bakin tabki. Fuskar farko kiɗa ne mai tsalle-tsalle, ƙahonni na amsa wa juna, jita tana cak-cak daidai inda ba ka zata ba. Ƙafata ce ta fara rawa kafin in ba ta izini. Da muka juya fuska ta biyu sai wani ruri ya taso, kai ka ce injin niƙa ne ya haɗiyi dutse. Na toshe kunne. Abokina kuwa ya miƙe tsaye, ya ce in ƙara murya.

Daga ranar muka fara faɗa a kan kaset ɗin. Kowa fuskarsa yake so a maimaita, kuma da bik, wato biro, muke juya shi don kada pil, batirin manyeton, ya ƙare. Wani mushe, malamin Turanci ɗan Gana, shi ne ya gaya mana sunayen abin: tawa fuskar ska ake ce mata, ta abokina kuma hebi metal, ya ce ma'anarsa ƙarfe mai nauyi. Kafin shekara ta zagayo kowa ya tara mutanensa. Gari ya raɗa mana suna, mu ƴan ƙaho, su ƴan ƙarfe.

Mu bakwai ne. Turampet ɗina wani tsohon soja ne ya ciro daga ƙasan akwatinsa ya koya mani, yana zagina a kowane darasi. Mawaƙinmu tela ne, muryarsa siririya amma mai daɗi. Su ƴan ƙarfe huɗu ne, baƙaƙen riguna ko a tsakiyar bazara, tsirkiyar jitarsu da wayar birkin babur. Muna waƙar kifi da ƴan mata da ranar kasuwa, su suna waƙar fari da fara da rijiyar da ta ƙafe. Ɗaki guda aka ba mu a gidan matasa, ampili guda, wato na'urar ƙara sauti, da batirin mota guda, mu yau su gobe. Amma kowace ƙungiya da lasifikarta. Tamu sai da muka yi kakar gyaɗa guda muna ƙodago a gonakin Safo kafin muka same ta. Tasu abokina ne ya haɗa mata akwati da kansa, ya rufe fuskarta da buhu, kuma ba ya barin kowa ya taɓa.

A hankali zumuncinmu ya yi sanyi. Ba mu yi faɗan da za a raba mu ba, sai dai gaisuwa ta koma ta ɗaga hannu. Na taɓa cewa a majalisa kiɗansu ciwon kai ne, maganar ta kai kunnensa, shi ma ya ce namu kiɗan ƴan talla ne. Abin yana damuna ƙwarai, amma girman kai ya hana ni zuwa.

Mahaifinsa mai lambu ne a bakin tabki, albasa da tumatir da salad, kuma abokina ne babban ɗansa, shi ke ban ruwa. Da tsohon ya ga albasa na kwana da ƙishi saboda jita, sai ya yanke hukunci. Ya ji an ce bayan kaka za a yi wasan matasa a fili, duk ƙungiyoyin gari za su nuna abin da suka iya. Ya ce zai zo da ƙafarsa, sau ɗaya tak. In ya ga aiki ne, abokina ya ci gaba, a raba mashi lokaci tsakanin lambu da kiɗa. In ya ga shirme ne, jita ta bar gidan, shi kuma ya tafi Katsina wajen kawunsa ya koyi sayar da hatsi. Duk gari ya san da wannan sharaɗi, har ni da ba a gaya mani ba.

Ana gobe wasa, abokina ya tafi Ɗan Issa neman waya, don tsirkiyarsa biyu sun tsinke. Ni na shiga ɗakin da hantsi in ɗauki kayanmu, sai na ga ɓera ya fito daga bayan akwatin lasifikarsu. Na ɗaga buhun nan na leƙa. Ai kuwa takardar lasifikar ta yage wuri uku, dogaye, tun daga tsakiya har kusan baki. Na ce shi ke nan, ɓera ya gama da yaron nan, gobe mahaifinsa zai zo ya tarar da abin kunya.

Sai kuma wani daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye maku ba. Na ce ga hanyar sulhu Allah Ya kawo. Zan gyara ta ba tare da ya sani ba, in ya gane daga baya sai ya zo da kansa ya rungume ni. Har na tsara abin da zan ce mashi, cewa ba komi, ai yi wa kai ne. Na kinkimi akwatin na kai rumfar mai facin taya, na karɓi gam, na yanko takardar buhun siminti. Tun azahar nake liƙi har rana ta yi sanyi, ciki da waje, ninki biyu, ina shafawa da gashin kaza. Mai facin da kansa ya duba ya ce ko shi iyakar abin da zai yi ke nan. Na mayar da ita, na rufe buhun, na tafi gida ina jin kaina mutumin kirki. Mahaifiyata ta tambaye ni abin da nake wa murmushi, na ce sai gobe za ta ji.

Da safe na je da wuri don in ga fuskarsa. Ya ɗaura sababbin wayoyi, ya jona jita, ya buɗe ampili har ƙarshe, ya daka. Sai ga wani sauti ya fito tas, mai ladabi, kamar ana kaɗa gurmi a zaure. Ya sake dakawa. Haka dai. Ya fizge buhun, ya tsaya yana kallon aikina, ni kuma ina bakin ƙofa ina jiran godiya.

Ya juyo ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce ni ne, ɓera ne ya yaga ta, na ga bai kamata in bari ba.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Ni ne ɓeran. Wata biyu na yi da reza ina yanka ta kaɗan-kaɗan kafin ta ba ni wannan rurin. Da ka ce mani kana tsoron mu ƙwace maku fili, da na fi ganin girmanka."

Ashe duk rurin nan da nake zaton daga hannunsa yake fitowa, ko daga ƙure ampili, daga yagewar takardar ne. Shekara biyu muna ɗaki guda ban sani ba. Kunya ta rufe ni, amma abin da ya fi ci mani rai shi ne ya ɗauka da gangan na yi. Muka gwada sake yanka facin. Ina! Gam ya bushe, takarda ta yi tauri kamar ƙwarya, in an daka sai ta yi ƙwas ta mutu. Abokina ya zare wayar jitarsa ya naɗe, ya gaya wa mutanensa su tafi gida, shi zai je ya gaya wa Baba kada ya wahalar da kansa.

Lasifika guda ce ta rage a ɗakin, tamu. Na tara ƴan ƙaho a gindin bedi, wato dogon yaro, na gaya masu abin da nake so. Wallahi kamar su cinye ni. Telan ya ce shekara guda yana gyara murya, ba lasifika wa zai ji shi a fili? Mai jitarmu ya ce ai sai mu fara yin namu wasan, in mun gama su yanka. Na ce yankan ba na minti biyar ba ne, ana yi ana saurare, in ba a fara yanzu ba la'asar za ta same su ba su gama ba. Suka ce ni na yi ɓarna, me ya sa su za su biya? Na ce gaskiyarsu ne, kuma ni zan koma Safo ni kaɗai in yi ƙodagon da zai maye ta, ko kaka biyu zai ɗauke ni. Amma mu in mun ji kunya yau, gobe muna nan muna hura ƙahonmu. Shi in bai buga yau ba, ya gama bugawa ke nan. Ba su ce sun yarda ba, sun dai daina magana, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin izini.

Na tari abokina a hanyar lambu, na jawo shi kusan da ƙarfi. Da ya ga na ajiye lasifikarmu a gabansa ya ce ba ya so, ba ya karɓar sadaka daga wanda ya kashe shi. Ban tsaya gardama ba. Na ciro reza, na tsaga takardar nan da muka sha rana a kanta.

Na ce, "Na riga na yanka. In ka ƙarasa, ɗayanmu ya yi kiɗa yau. In ka ƙi, mu duka mun tashi a banza."

Sai ya karɓi rezar ya ce ko yankan ma ban iya ba, na karkace. Muka zauna a ƙasa, shi yana auna tsawon tsaga da ɗan yatsa yana ƙarawa, ni ina daka mashi tsirkiya guda duk lokacin da ya ce daka. Ko abincin rana ba mu ci ba. Ana kiran la'asar rurin ya dawo. Ya ce bai kai na da ba, amma zai yi.

Mu muka fara, ba lasifika. Telan ya yi ta ihu har jijiyar wuyansa ta fito, ba wanda ya ji kalma guda bayan layi na uku. Cak-cak ɗin jita kuwa da cokali da ƙwarya muka yi shi. An yi rawa kaɗan, an yi dariya da yawa, na sha. Da ƴan ƙarfe suka hau, dakan farko ya sa wani jaki ya tsinke igiya, mata suka ja da baya, dattawan da aka jera wa kujeru suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Ni idona na kan mutum guda. Mahaifin abokina yana zaune a kan buzunsa a gefe, laka ba ta gama bushewa a ƙafarsa ba. Bai toshe kunne ba, bai kuma gyaɗa kai ba. Yatsun ɗansa kawai yake kallo har aka gama waƙa uku.

Da aka watse muka je muka durƙusa muka gaishe shi. Ya ce wa ɗansa, "Ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Amma wannan hannun ba a wasa ya koyi abin da na gani ba. Ban ruwa da asuba, sauran yinin naka ne." Ya naɗe buzunsa ya tafi. Abokina ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da baƙar rigarsa, ni kuma na yi kamar ina goge turampet.

Daga mu har su ba wanda aka yaba a ranar, wasu ƴan mata masu waƙar gaɗa ne suka tafi da yabon, kuma sun cancanta. Na koma Safo kamar yadda na ce, kaka guda da rabi. Ƴan ƙarfe sun yi shekara huɗu suna buga wa mutum ashirin ɗin da ke son su, har sun je Maraɗi sau biyu, sai mai gangarsu ya samu aikin mota suka watse. Mu mun ɗan fi su daɗewa, don mun koma kiɗan buki, kafin aure da haihuwa su ɗauke mu ɗaya-ɗaya.

Har yau in na ga abin wani da nake zaton ya lalace, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi, sai kuma in tuna in tambaya tukuna. Niyyata mai kyau ce a ranar, amma rabinta son a gode mani ne, shi ya sa na yi a ɓoye. Da na jira ya dawo daga Ɗan Issa na ce mashi kalma guda, da ba a yi haka ba.

Abokina yanzu gyaran lasifika yake yi a Maraɗi, yawancin na masallatan unguwarsu shi ke liƙe su in sun yage, kuma ba na barinsa ya huta da tsiya a kan haka. Waccan da na yi wa faci tana rataye a bangon shagonsa, takardar siminti ta yi ja. In baƙo ya tambaya sai ya ce, duk shekarun da ya yi a sana'ar bai taɓa ganin faci mai kyau irin wannan ba. In ina wurin sai ya nuna ni, ya ce ga wanda ya yi shi nan, kada kowa ya bar mashi kayansa.